Wace irin safar hannu ce ta dace da masu haƙa kusa da kebul ɗin wuta?

Heluma_Sabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar wuta ku taimaka min da shawara, don wlh tun ranar Laraba hankalina bai kwanta ba. Ni ba ɗan lantarki ba ne, haƙa ce sana'ata, yara tara ne a ƙarƙashina, yawanci ramin bututun ruwa muke yi, wani sa'in kwalbati ko ramin wayar intanet. To ranar Laraba muna haƙa a gefen wani titi, ramin bai ma kai gwiwa ba, ɗaya daga cikin yaran ya ɗaga diga ya sauke sai muka ji wani sauti daban, ba irin na dutse ba, kamar an daki tayar mota. Da muka kwashe ƙasar da hannu sai ga wani baƙin kebul kaurinsa ya kai damtsena, bakin digar ya karce shi har ya ɗan yago robar bayansa. Babu tartsatsi, babu ƙara, babu komai, Allah dai ya tsare. Kuma babu tef ɗin gargaɗi a samansa, babu wanda ya ce mana akwai wuta a wajen.

Na kira ɗan kwangilar da ya ba mu aikin na faɗa masa, washegari sai ga kwali guda na safar hannu ya aiko, irin mai jar roba a tafi bayanta kuma yadi, wai a raba wa yara, ai roba ce wuta ba ta bin roba. A bayan safar akwai hoton guduma da rubutu EN 388 da wasu lambobi a ƙasa. Ni dai zuciyata ba ta natsu da ita ba, amma ba ni da ilimin da zan yi musu da shi.

Tambayata ita ce, wannan safar tana kare mutum daga shokin ko kuwa? In ba ta yi, wacce zan ce a saya? Sannan maganar kaya, yarana yawanci jesin ƙwallo suke sawa su ɗora rigar nan mai ƙyalli a kai saboda motoci, akwai matsala a nan? Saura mana kusan mita ɗari biyu a kan layin nan kuma gsky ina tsoron in sake tura ɗan wani cikin ramin.

Baba_MaiHaɗi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, da farko ku gode wa Allah, don tsakanin yaron nan da mummunan labari bai fi kaurin farce ba. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina haɗin kebul na ƙarƙashin ƙasa kafin gwiwa ta zaunar da ni, saboda haka ka yi haƙuri da surutun tsoho.

Safar da aka aiko maka ba ta wuta ba ce ko kaɗan. EN 388 ɗin nan mai guduma gwaji ne na gogewa da yanka da yagewa da huda, wato safa ce ta ɗaukar bulo da rodi da riƙe ƙotar shebur kar hannu ya yi kanta. Ba a taɓa gwada ta da wuta ba, robar ma a tafi ta tsaya, bayan kuwa yadi ne, da gumi ya jiƙa shi ya zama hanya. Maganar wai wuta ba ta bin roba, ai roba suna ta tara.

Safar wuta ta ainihi doguwa ce, tana hawa har kusa da gwiwar hannu, roba zalla babu ɗinki, a jikinta za ka ga alamar alwatika biyu a manne da juna da rubutu IEC 60903 ko EN 60903, ta Amurka kuma ASTM D120. Aji shida gare ta. Aji 00 iyakarta bolt 500, aji 0 bolt 1,000, aji 1 bolt 7,500, aji 2 bolt 17,000, aji 3 bolt 26,500, sai aji 4 bolt 36,000. Ka ga kenan layin 11kV, wato bolt 11,000, sai aji 2, na 33kV, wato bolt 33,000, kuwa sai aji 4, aji 3 ba ta kai ba, nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure don sun ga uku sun ga talatin da uku. Kuma ba a sa ta ita kaɗai, sai an ɗora ta fata a kai don kar wani abu ya huda ta, kuma dole bakin robar ya leƙo ya wuce bakin fatar. Mu a lokacinmu kullum da safe kafin ka zura hannu sai ka naɗe bakinta ka tara iska a ciki ta kumbura kamar balan-balan, ka kai kusa da kumatu ka saurara, in ka ji iska na tsiyaya ko yaya take, ka yanke ɗan yatsa guda ka jefar da ita kar wani ya tsinta ya sa. Duk wata shida ana kai ta ɗakin gwaji a sa mata wuta a buga kwanan wata. Ba ta son rana, ba ta son fetur ko baƙin mai, ba ta son a ninke ta a tura aljihu.

To yanzu ka kwatanta yaronka sanye da wannan, roba mai kauri da fata a kai, yana lilo da diga tun safe har la'asar cikin tsakuwa da fasassun kwalabe. Kafin azahar ya cire ta, in bai cire ba ma ta huje bai sani ba, kuma hujin da ido ba ya gani ya ishi wuta wucewa. An yi ta ne don wanda ya san akwai wuta a gabansa kuma zai taɓa ta da gangan cikin natsuwa, ba don mai haƙa ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma, yawancin masu haƙa da kebul ke raunatawa ba ta hannu wutar ke shigar su ba. Fashewa ce, abin da muke kira filash. Bakin ƙarfe ya ratsa roba ya haɗa jijiyar wuta da sulken wayar da ke kewaye da ita, cikin ƙiftawar ido sai ƙwallon wuta ya taso daga ramin ya daki fuska da wuya da ƙirji, haɗe da narkakken jan ƙarfe. Na taɓa gani da idona, wani lebura da dagi ya soki na 11kV, ƙarar kamar an harba bindiga a kunnenka, da ƙura ta lafa muka ɗauki dagin bakinsa ya narke ya ɓace kusan tsawon ɗan yatsa. Safar fata ce a hannunsa ta aiki kawai, tafinsa lafiya lau. Amma jesi ce a jikinsa, irin wadda ka ce yaranka na sawa, ta kama ta narke ta manne masa daga wuya har ciki kamar an ɗiga leda a kan fata, wannan ita ta kwantar da shi watanni a asibiti. Wanda ke tsaye kusa da shi rigar auduga mai kauri ce mai dogon hannu a jikinsa, shi fuska ce ta ƙone da ɗan tsakanin safa da hannun riga. Har yau in na ji warin leda na ƙonewa sai na tuna wannan ranar.

Sannan ɗana, ka ce kun kwashe ƙasar da hannu. Kar ku sake. Kuma in tambaye ka, kebul ɗin da aka karce, wa kuka gaya wa bayan ɗan kwangila?

Dan_Shebur22:

Baba da girmanka amma ni dai a ganina abin bai kai haka ba. Mu shekara nawa muna haƙa, in dai kana da takalmin roba irin na ruwan sama kuma ƙotar digarka ta icce ce ai shikenan wuta ba ta da hanyar bi. Obarol mai kauri kuma, irin wanda ake cewa masu haƙa su riƙa sawa, wa zai iya sa shi cikin rana yana haƙa, zafi ne zai kashe mutum tun kafin wutar ta zo.

Injiniya_Rukayya:

Baba ya gama magana a kan safa, Allah ya ƙara lafiya, ɗan abin da zan ƙara kaɗan ne duk da na san zan zarce.

Malam Dan_Shebur, takalmi da ƙota duk maganin shokin kake yi, shi kuwa filash ba ruwansa da abin da ka taka, ta iska yake zuwa maka. Zafinsa a tsakiya yana iya kaiwa digiri 19,000, saman rana kanta wajen 5,500 ne. Ko a shokin ɗin ma icce mai danshi da gumi da laka yana ɗaukar wuta, kuma takalmin ruwa ba a gwada shi da lantarki ba. Har takalmin sefti mai alamar EH, wato wanda aka gwada da lantarki, a busasshen wuri aka gwada shi, ba a cikin rami mai caɓi ba. Shekarun da ka yi lafiya sa'a ce, ba takalmin ba ne.

Malam Sabo, ni abin da ya fi damuna a labarinka shi ne ɗan kwangila ya amsa tambayar da ba ita ba ce. An kusa huda kebul, maimakon a ce ina sauran kebul ɗin yake sai aka ce ga safa. Kayan kariya su ne mataki na ƙarshe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, tana da wani jagora mai suna HSG47 da masu irin aikinku ke bi a ƙasashe da yawa, kuma dukkansa a kan abu uku ya tsaya, a nemo taswira daga masu kebul ɗin, a bi da na'ura a gano inda yake, sannan a haƙa da dabara. Taswira ita kaɗai ba a yarda da ita, don ana gyara titi a rage ƙasa ko a ƙara, kebul ɗin da aka binne da zurfi sai ka same shi a ƙasa da gwiwa kamar naku, tef ɗin gargaɗin ma wani mai haƙa da ya riga ku yana iya yage shi bai mayar ba.

Na'urar da aka fi sani ita ce CAT, ana riƙe ta a hannu ana tafiya tana kuka in ta zo kan kebul, da abokiyarta Genny mai tura sigina cikin kebul ɗin. Amma a kula, in aka sa ta a kan sauraron wuta kawai, tana jin kebul ne in lodi na gudana a ciki. Kebul ɗin fitilun titi da rana, ko wanda aka datse aka toshe bakinsa aka bari a ƙasa, yana nan da ransa amma na'ura za ta iya wucewa shiru. Shi ya sa ake haɗawa da Genny, kuma ba sau ɗaya ake dubawa ba, ana haƙa ana sake bi.

In an gano layin a shata shi da fenti. Daga nan injin fasa kankare da duk wani inji na hannu kar ya matso ƙasa da rabin mita daga layin. Diga da dagi da duk abu mai tsini a ajiye su, shebur mai lanƙwasasshen baki za a ɗauka, in an samu mai ƙota da aka lulluɓe aka amince da ita har bolt 1,000 ya fi, kuma ba soka shi ake yi ba, da ƙafa ake danna shi a hankali. Kuma ba a kan kebul ake haƙa ba, a gefensa ake sauka, in an yi zurfi sai a riƙa zaftaro ƙasar ta gefe har ya bayyana, don ƙarfin da hannu ke sawa ta gefe ya fi sauƙin sarrafawa. Inda kebul ya yi yawa akwai motar da ke zuƙe ƙasa da iska ba tare da ƙarfe ya taɓa komai ba. In kuka tarar da kebul a cikin kankare kar ku fasa, sai masu shi sun kashe wutar.

Yanzu kaya. Jesi da nailan da foliyesta a cire su gaba ɗaya, har singileti da gajeren wando na ciki, don zafi na ratsa rigar waje ya narkar da na ciki. Rigar ƙyallin nan ma yawancinta foliyesta ce, ka sa wa mutum obarol mai kyau ka ɗora masa ita a kai ka ɓata aikin, akwai mai ƙyalli da ba ta kama wuta, ita za a nema. Obarol ɗin kuwa a duba takardar wuyansa. ISO 11612 na zafi da harshen wuta ne, wanda aka gwada da filash shi ne mai IEC 61482-2, za ka ga ajin kariyarsa, APC 1 ko APC 2, ko kuma lamba da cal/cm² a gabanta, wato ma'aunin zafin da yadin ke iya tarewa. Don ka gane lambar, 1.2 kacal ya isa ya tayar da bororo a fata, kuma a tsarin NFPA 70E na Amurka matakan kaya huɗu ne, na cal/cm² 4 da 8 da 25 da 40. Wanda ya dace da ku ya danganta da ƙarfin layin, wannan masu kebul ɗin ne za su faɗa, wani dalilin kenan na neman su. Auduga zalla ba ta narkewa amma tana ci da wuta, ta fi jesi nesa ba kusa ba amma ba ita ce ƙarshe ba.

Safa kuma ina tare da Baba, ta fata mai dogon baki da ke hawa kan hannun riga, ko wadda aka gwada da filash. Inda na ɗan saɓa da shi shi ne akwai kamfanonin da ke tilasta aji 0 da fata a kai ga mutum ɗaya da zai yi bayyanarwar ƙarshe a kusa da ƙaramin layi, kuma ban ga laifin hakan ba in an koya masa dubawa. Kar a manta da gilashin ido, in da hali garkuwar fuska ta filash a jikin hular kwano.

Heluma_Sabo:

Na gode Baba, na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru. Baba tambayarka ta sa jikina ya yi sanyi don gsky ba mu gaya wa kowa ba. Ɗan kwangilar cewa ya yi tunda wuta ba ta ɗauke a unguwar ba a naɗe wajen da baƙin tef a mayar da ƙasa, kar a jawo mana tara, haka kuwa aka yi, ni da kaina na naɗe. Yanzu ya zan yi? Sannan maganar zafi da Dan_Shebur ya kawo ba ƙarya ba ce, na san yarana, ina juya baya za su zuge zif su ɗaure hannun obarol a ƙugu.

Baba_MaiHaɗi:

Innalillahi, kai da kanka ka naɗe. To Allah ya tsare ka sau biyu a yini ɗaya. Ɗana, gobe da sassafe ka nemi kamfanin da ke da layin ka nuna musu wajen, ko ɗan kwangila ya so ko bai so ba. Robar bayan nan aikinta hana ruwa shiga, da ta yage danshi zai riƙa tsotsawa a hankali yana cin sulken, tef ɗinka ba zai hana ba, wata uku ko shekara sai ya fashe a ƙasa, wataƙila a ƙarƙashin ƙafar wani mai haƙa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu masu haɗi mun sha buɗe rami mu tarar da tef ɗin wani a daidai inda ya fashe. Gyaran karce ɗan aiki ne, akwai rigar da ake naɗawa a gasa ta kama, amma da an bari ya fashe sai an yanke an yi haɗi biyu.

Kuma ka gaya wa yaranka wannan su haddace. In aka huda kebul ya yi ƙara ya yi shiru, bai mutu ba. Akwai makunnin da ke mayar da wuta da kansa bayan ɗan lokaci, ko wani a ofis ya ga layi ya faɗi ya sake turawa. Kowa ya fita daga ramin, a bar digar inda take, a hana mutane matsowa. In wani ya ƙone kuma an tabbatar ba ya manne da wuta, ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da mai, kar a fizge yadin da ya manne, sai asibiti ko da ciwon ɗan ƙarami ne a ido, don wuta na rikita bugun zuciya kuma tana ƙona ciki fiye da abin da ake gani a waje.

Injiniya_Rukayya:

Maganar zafi gaskiya ce kuma ba a maganinta da faɗa. Ba sai obarol mai nauyi ba, akwai riga da wando daban-daban masu sauƙi da aka gwada da filash, iska na shiga fiye da obarol. Abin da na ga yana aiki shi ne ba kowa ke buƙatar cikakken kaya duk yini ba. In an shata layin, mutum biyu ne ke aiki a cikin yankin kebul, su ne da cikakken kaya zif a rufe har wuya hannu a sauke, a riƙa musanya su, a fara wannan ɓangaren da sanyin safiya, ruwan sha da inuwa a kusa. Sauran da ke nesa su sa auduga mai dogon hannu. Wanki kuma ban da bilic, ban da ruwan nan mai laushin kaya, na farko na cinye maganin da ke jikin yadin, na biyu na barin abin da ke ci da wuta. Wanda ya sha gas ko baƙin mai a wanke shi kafin a sake sawa, wanda ya yage kar a kai a yi masa faci da yadin da aka samu.

Heluma_Sabo:

Jama'a na dawo da bayani. Na je na same su, sun ɗan yi faɗa amma sun turo mutum biyu, suka kashe layin suka gwada suka haɗa shi da ƙasa da waya don duk wutar da ta saura ko ta dawo ta bi can, kafin su taɓa. Da suka warware tef ɗina sai ga shi yankan ya ratsa robar har ya kai wayoyin sulken, biyu sun lotsa, kuma har sun fara canza kala. Na 11kV ne. Sun bi sauran mita ɗari biyun da na'ura sun shata mana da jan fenti, ashe a wuri biyu yana tsallaka layin ramin namu, ɗaya ma dab da inda muka tsaya ranar Laraba. Jar safar na bar wa masu ɗaukar bututu, jesi kuma na hana tun jiya, yaron da ya daki kebul ɗin shi ya fara cire tasa. Kayan mutum biyu ɗan kwangila ya ce sai Litinin, na ce masa to wajen fentin ma sai Litinin.